Mai Haɗa Rahoton Tsaro: Akawu Ne Ko Shaida?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a cikin ma'aikatun gwamnati na wannan zamani akwai wani ma'aikaci wanda jama'a ba su cika sanin da shi ba. Ba ya riƙe bindiga, ba ya kuma sa hannu a kan hukunci. Aikinsa shi ne ya tattara amsoshin da ma'aikatu suke aikowa game da tsaron na'urorinsu da asiran da ke hannunsu, ya tace su, ya auna su, kana ya tsara su a takarda guda wadda shugabanni za su duba su san inda ɓaraka take. A Birtaniya, alal misali, an ƙaddamar da wani tsari mai suna GovAssure a watan Afrilu na 2023, wanda a ƙarƙashinsa kowace ma'aikata take auna manyan na'urorinta bisa ma'aunin da cibiyar tsaron intanet ta ƙasar ta shimfiɗa, sa'an nan masu bincike daga waje su zo su tabbatar da abin da ta faɗa. Duk waɗannan amsoshi a teburin mai haɗa rahoto suke taruwa kafin su hau sama.

To, ga tambaya: shin wannan mutum akawu ne kawai, wanda in ya kwafe abin da aka ba shi ya sauke nauyi, ko kuwa shaida ne wanda za a tambaya gobe kiyama game da abin da alƙalaminsa ya rubuta da abin da ya bari?

Harshen Larabci da kansa ya ba da rabin amsa. Kalmar "amnu", watau tsaro da kwanciyar hankali, da kalmar "amana", da kalmar "imani", duk daga tushe ɗaya suka fito, haruffa uku: hamza da mimun da nunun. Ke nan tun a asalin lugga an ɗaure zaman lafiyar jama'a da riƙon amanar waɗanda aka danƙa wa sirri. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i kuwa ta yi umarni da mayar da amanoni ga masu su, malaman tafsiri kuma sun shigar da muƙaman hukuma a cikin wannan umarni.

Wannan aiki ma ba baƙo ba ne a tarihin Musulunci. A daular Abbasiyawa akwai jami'in da ake kira sahibul baridi, wanda ke rubuto wa halifa labarin halin da larduna suke ciki. Malamin tarihi Ɗabari ya kawo cewa Halifa Mansur, wanda ya yi mulki daga 754 zuwa 775, ya lissafa mutum huɗu da mulki ba ya tsayuwa sai da su: alƙali mai gaskiya, da shugaban 'yan doka mai kare raunana, da mai karɓar haraji marar zalunci, kana na huɗu, wanda ya fi nuna buƙatarsa, shi ne mai aiko da sahihin labari game da waɗancan ukun. Dalili a fili yake. Shugaba ba ya iya zuwa ko'ina da ƙafarsa, da idon mai rahoto yake gani. In idon ya yi hakiya, to, shugaba zai yi hukunci a makance ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Haɗari na farko da ke jiran wannan ma'aikaci shi ne ya rubuta zato a gurbin yaƙini. Malaman tafsiri da yawa sun ruwaito cewa aya ta 6 a Suratul Hujurati, wadda ta wajabta bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi, ta sauka ne a kan wani ma'aikacin zakka da aka aika zuwa ga Banu Musɗalik. Ya hango mutanen sun fito tarye shi, tsoro ya kama shi, ya juyo ya ce sun hana zakka. Saura kaɗan a far wa mutanen da ba su da laifi. Abin da idonsa ya gani taron jama'a ne, abin da bakinsa ya faɗa kuwa fassarar da tsoro ya yi wa taron.

Irin wannan ya auku a zamanin nan. A watan Satumba na 2002 gwamnatin Birtaniya ta fitar da wani kundi da ke cewa Iraƙi tana da makaman ƙare-dangi, har wasunsu ana iya shirya su cikin minti 45. Aka shiga yaƙi a watan Maris na 2003, ba a kuwa sami tarin makaman ba. Kwamitin bincike na Lord Butler ya bayyana a 2004 cewa gargaɗin da masu nazari suka yi game da ƙarancin hujjojinsu bai fito sosai a cikin kundin da aka nuna wa jama'a ba. Watau 'yan kalmomi irin su "mai yiwuwa" da "ba a tabbatar ba" su ne suka zube a hanya. Saboda haka wajibi ne mai rahoto ya rarrabe abubuwa uku a rubutunsa: abin da aka gani aka tabbatar, da abin da ma'aikata ta faɗa game da kanta ba a bincika ba, da abin da shi kansa ya ƙiyasta. Gani ya kori ji, kuma haƙƙin shugaba ne ya san wanne aka kawo masa.

Haɗari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, domin ana iya faɗa masa ba tare da an rubuta lamba ɗaya ta ƙarya ba. A irin waɗannan rahotanni launi ake sa wa kowane sashe: kore in lafiya lau, rawaya in da sauran gyara, ja in da haɗari. Ma'abota wannan aiki suna yi wa wani irin rahoto laƙabi da kankana, waje kore ciki ja. Yadda ake yinsa kuwa da sauƙi. A haɗa na'ura guda mai mugun rauni da wasu tara masu lafiya, a ce kashi 90 cikin 100 sun ci jarrabawa. Lissafin daidai ne, amma ɓarawo ba ya neman ƙofofi tara da ke kulle, ta goman yake nema. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko kuma a cire abin da ke da wuyar aunawa daga cikin lissafin gaba ɗaya. Ofishin binciken kuɗin gwamnati na Birtaniya ya ba da rahoto a watan Janairu na 2025 cewa an sami manyan giɓi a muhimman tsare-tsaren na'ura 58 da aka bincika, kuma akwai wasu tsofaffi aƙalla 228 waɗanda gwamnati ba ta san iyakar rauninsu ba. Ƙimar wannan rahoto tana wajen lambar ta biyu, domin ya ƙirga har abin da ba a auna ba. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, ta kuma jingina zunubin ga zuciyar mai ɓoyewa. Wanda ya jera lambobi na gaskiya da nufin mai karatu ya fahimci abin da ba haka ba, zuciyarsa ta san abin da ta yi ko da takardarsa ta fita fes.

Wani zai ce, ai shi ɗan aike ne, na gaba da shi ne ya ce a sassauta launin, ga iyali ga haya, ina shi ina ja da mai gida? Wannan uzuri yana da nauyi, bai kamata wanda ba ya cikin halin ya raina shi ba. Kuma lalle akwai abin da na gaba yake da ikon canzawa: tsawon rahoto, da lafazinsa, da abin da za a fara gabatarwa. A nan biyayya ta wajaba. Amma ƙa'idar shari'a sananniya ce, cewa ba a yi wa abin halitta ɗa'a a cikin saɓa wa Mahalicci. In aka kai ga a ce ja ya koma kore, to, an fita daga tsara rahoto an shiga shaidar zur, wadda hadisi ingantacce ya jera ta cikin manyan zunubai tare da shirka da saɓa wa iyaye.

Sai dai fa gaskiyar da aka ɗora masa tana da mazauni. Jerin raunin na'urorin gwamnati magani ne a hannun mai gyara, a hannun maƙiyi kuwa mabuɗi ne. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta zargi masu yayata labarin aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu, ta nuna cewa kamata ya yi a mayar da shi ga shugabanni da masu iya tace shi. A yaƙin Handaƙu, shekara ta 5 bayan hijira, da jita-jita ta zo cewa Banu Ƙuraiza sun warware alkawari, Manzon Allah (S.A.W.) ya aiki Sa'adu ɗan Mu'azu da Sa'adu ɗan Ubada da wasu su bincika, ya umarce su in labarin gaskiya ne su sanar da shi da zaurance don kada zukatan jama'a su karaya. Shi shugaba ya sami labarin cikakke, ba a rage masa kome ba, amma ba a yi shelarsa a kasuwa ba.

Sakaci ma a nan cin amana ne ko da babu mugun nufi. A watan Fabrairu na 2022 wani jami'in Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ya aika da wata takardar lissafi ta imel yana tsammanin sunaye kimanin 150 ne a ciki, ashe tana ɗauke da bayanan mutum 18,714 'yan Afganistan da suka nemi mafaka saboda tsoron Taliban. Ba a gane ba sai a watan Agusta na 2023 da wani yanki nata ya ɓulla a Facebook, kotu kuma ta hana a faɗi maganar har watan Yuli na 2025. Kowane layi a wannan takarda mutum ne mai iyali. Ma'aikacin da ya saba ganin layuka dubbai a allon kwamfuta yana iya mance wannan, alhali dubawar minti biyar kafin ya aika tana cikin ibadarsa ta wannan rana.

Saura tambaya mafi wuya: in ya faɗi gaskiya ga masu ita, suka yi biris fa? Wannan ma ya taɓa faruwa. Kafin harin WannaCry na ranar 12 ga Mayu 2017, an riga an bincika hukumomin asibiti 88 daga cikin 236 na Ingila, babu ko ɗaya da ta ci jarrabawar tsaron na'ura, amma masu binciken ba su da ikon tilasta gyara. Da harin ya zo ya shafi aƙalla 81, aka soke ganin likita kimanin 19,000. Masu aunawa sun auna daidai, aiki da awon ne bai biyo baya da sauri ba.

A irin wannan hali akwai matakan da suka dace. Ya rubuta gargaɗinsa a fili da kwanan wata, da harshen da wanda ba masani ba zai gane, domin gargaɗin da aka binne a shafi na 40 ɗan'uwan ɓoyewa ne. Ya maimaita shi a kowane rahoto matuƙar raunin yana nan, ko da an gaji da jinsa. In haɗarin ya kai ga rayuka, ya kai maganar ga waɗanda doka ta ba ikon sa ido, kamar mai binciken gwamnati ko kwamitin majalisa, gama su ma suna cikin masu tace al'amari da ayar ta ambata. In kuma aka tsare shi sai ya sa hannu a kan ƙarya, to, barin kujerar ya fi masa sauƙi a kan ɗaukar alhakin waɗanda ƙaryar za ta cutar. Watsa sirrin ga kowa da kowa kuwa, sau da yawa ɓarawo yakan riga mai gyara cin moriyarsa, shi ya sa malamai suka shardanta cewa kada kawar da ɓarna ya haifar da wadda ta fi ta.

Da wannan ta tabbata cewa mai haɗa rahoton tsaro shaida ne, shaidarsa kuwa ta fi ta mai tsayawa gaban alƙali faɗi, domin wancan a kan mutum ɗaya ko biyu yake shaida, wannan kuwa a kan lafiyar al'umma. Haka nan shugaban da yake murtuƙe fuska duk lokacin da aka kawo masa ja, ya sani shi ne yake koya wa ma'aikatansa noman kankana, kuma yana da kaso a cikin alhakin. Annabi Sulaimanu (A.S.), kamar yadda ya zo a Suratun Namli, da alhudahuda ya kawo masa labarin Saba'u ya saurare shi har ƙarshe duk da ƙanƙantarsa, kana ya sa aka gwada gaskiyar labarin kafin ya ɗauki mataki. Mai rahoto da mai karɓar rahoto kowannensu yana da abin koyi a wannan ƙissa.

Allah Ya ba masu riƙe da amanar jama'a ikon sauke ta, Ya ba shugabanni kunnen sauraron gaskiya, Ya zaunar da ƙasashe lafiya, amin.