Mu Ci Tuwonsu, Mu Ƙi Zamansu?

Duk ɗalibin da ya yi ko da wata uku a Ingila ya san tarin takardun da ake zuro wa mutum ta ƙofa kullum safiya: tallar masu sayar da abinci, takardar kuɗin wuta, da ta 'yan siyasa in zaɓe ya matso. A cikinsu akwai wata 'yar mujalla da ke zuwa gidan da nake haya farkon kowane wata, daga cocin Angilika na unguwarmu. A bangonta na baya ake jera tarukan da ke tafe: shan shayin safe kowace Laraba, gwanjon tsofaffin kaya domin gyaran rufin coci, Bikin Kaka a farkon Oktoba, taron tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi ranar Lahadi ta biyu ga Nuwamba, sai waƙe-waƙen Kirsimeti a Disamba. A ƙasa kuma an rubuta cewa ana gayyatar kowa da kowa. Wata bakwai na yi ina jefa ta kwandon shara. A raina na ce wannan "kowa" ɗin ba da ni ake ba.

Abin da ya sa na sake tunani bai da daɗin faɗa. Mun san yadda darajar naira ta karye tun daga watan Yunin 2023. Fam ɗaya da bai kai naira 600 a farashin gwamnati ba a farkon wannan shekara, ya haura naira 2,000 a cikin 2024. Kuɗin da iyaye suka tara na shekara guda ya koma na 'yan watanni, ga shi doka ba ta yarda ɗalibi ya yi aikin da ya wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu. Wata Alhamis wani ɗan'uwa ya roƙe ni in raka shi inda ake raba abinci ga mabuƙata, domin kunya ta hana shi zuwa shi kaɗai. Da muka isa sai na ga ashe zauren cocin nan ne da nake zubar da mujallarsa. A layin na ga mutanenmu uku, kowa ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba, domin yunwa ba ta san digiri ba, kuma da al'amarin ya ƙara wata biyu da ni ma ina cikin layin. Amma tun daga ranar wata tambaya ta hana ni sakat: ya dace mu karɓi shinkafa da man girki daga hannun mutane, alhali ko gaisuwa ba ma tsayawa mu yi da su?

Kafin a amsa, ya kamata mu san da wa muke zaune. An raba ƙasar Ingila kakaf zuwa yankunan coci, abin da suke kira farish, kimanin 12,500, a ƙarƙashin bishop-bishop na dayosis 42. Babu gidan da ba ya cikin wani farish, har da ɗakin da kake karanta wannan mujalla in a Ingila kake. A tsarinsu, limamin coci yana ɗauke da nauyin duk mazauna yankinsa, masu zuwa coci da waɗanda ba su taɓa leƙawa ba. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne zaɓen wakilai biyu masu kula da ginin coci da dukiyarsa, wanda ake yi kowace shekara kafin ƙarshen watan Mayu. Wanda za a zaɓa dole ya zama ɗan cocin, amma masu zaɓe sun haɗa da duk mazaunin yankin da sunansa ke cikin rajistar zaɓen ƙaramar hukuma, ko mene ne addininsa. Da yake 'yan Najeriya da Gana da Kamaru suna iya yin wannan rajista a matsayinsu na 'yan Kwamanwel (ban da 'yan'uwanmu na Nijar, sai haƙuri), to Malam Bahaushe da ya zo yin digiri na biyu yana da ƙuri'a a taron da bai ma san ana yi ba. Ashe su sun ƙirga mu cikin 'yan unguwa tun kafin mu ƙirga kanmu.

Uzurin farko da za a kawo shi ne addini, kuma ba uzuri ba ne na wasa. Ni Musulmi ne, ba na shiga ibadar da ba tawa ba, ba kuma ina kiran kowa ya shiga ba. Haka nan ba zan yaudari mai karatu in ce coci ba ya fatan wanda ya zo shan shayi ya dawo ranar Lahadi ba. Kowane mai addini yana son a bi nasa, mu ma haka muke. To amma ɗaukar kwali daga mota zuwa zaure ba ibada ba ce, wanke kofi ma haka. Malamanmu tun muna makarantar allo suke nanata cewa maƙwabci yana da haƙƙi ko da ba addininku ɗaya ba, sai dai da alama mun baro wannan karatu a filin jirgin Kano. Ni da na tashi a Zariya ban da bakin cewa wannan sabon abu ne. Wusasa tana nan, inda mishan ɗin Likita Mila ya koma a 1929, da cocinta na ginin ƙasa irin na Hausawa, kuma iyayenmu sun sha zuwa asibitinta da gaisuwar mutuwa a gidajenta, imaninsu bai ragu da ƙwayar zarra ba.

Abin da ya ƙara tabbatar mini cewa ba addini kaɗai ba ne, 'yan'uwanmu Hausawa Kirista ma haka suke yi. Wani abokina da aka haifa cikin ɗarikar Angilika ya gaya mini sau biyu ya je cocin unguwarsu ya daina: sujada awa ɗaya cak, babu ganga, tsofaffi ashirin da 'yan kai cikin ginin da zai ɗauki mutum ɗari uku. Yanzu bas biyu yake hawa zuwa cocin 'yan Najeriya a wancan gefen gari. Shi ma, kamar ni, bai san sunan wanda suke haɗa katanga ba.

Uzuri na biyu ya fi wuyar kawarwa: ai mu baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne, shekara ɗaya ko uku mun tattara. Me zai sa mutum ya shuka bishiyar da ba zai sha inuwarta ba? Na daɗe ina jin wannan magana kamar hujja ce, sai da na juya ta gida. A ce ɗan bautar ƙasa ya sauka a unguwarmu, ya ɗebi ruwa a rijiyarmu, in ya yi zazzaɓi mata su kai masa kunu, amma a yi suna bai leƙo ba, a yi rasuwa bai zauna tabarma ba, a yi gayyar yashe kwata ya rufe ƙofa, wai don shekara ɗaya zai yi. Wa zai karɓi wannan daga gare shi? Cewa za a yi ba shi da tarbiyya, kuma an faɗi gaskiya. Gajartar zama tana rage yawan abin da ake tsammani daga mutum, amma haƙƙin yana nan muddin yana shan ruwan wurin.

Akwai kuma batun mutunci, wanda a ganina shi ne gishirin maganar. A wurinmu abin da mace ta kai wa ƙawarta ranar biki ajiya ce, ranar nata za a mayar har da ƙari, shi ya sa ba a jin nauyin karɓa. Kunyar da na gani a layin nan ta fito ne daga karɓa a hannun wanda ba ka da hanyar rama masa. Bikin Kaka nasu, wanda wani limamin coci mai suna Robert Hawker ya fara a ƙauyen Morwenstow na yankin Kwanwal a 1843, asalinsa godiya ce bayan girbi, kowa ya kawo daga amfanin gonarsa. Yau gonar ta zama kanti, abincin gwangwani da taliya ake kawowa, daga nan a kai su rumbun mabuƙata. Wato abin da ɗan'uwana ya karɓa ranar Alhamis, wata tsohuwa ce mai cin fansho ta saya da kuɗinta. Ɗalibin da ba shi da fam biyar yana da ƙarfin ɗaukar buhu, tsohuwar kuwa ba ta da shi.

Ba na cewa su ma ba su da nasu. Wasu kallon abin tausayi kawai suke iya yi wa baƙar fata, su tambaye ka ko akwai firji a garinku. Gayyatar tasu ma akwai buƙata a ciki: ƙidayar 2021 ta nuna masu kiran kansu Kirista a Ingila da Wales sun koma kashi 46.2 cikin ɗari, daga 59.3 a 2011, kuma duk wanda ya leƙa zauren zai ga furfura ta fi yawa. Hannu suke nema. Ni wannan bai dame ni ba, domin zumuncin da kowa ke buƙatar kowa ya fi wanda ɗaya ke yi wa ɗaya alfarma.

Wata Laraba dai na cire kunya na je. Tsohuwar da ke riƙe da littafin masu aikin sa-kai ta tambaye ni ko sabon zuwa coci ne, na ce a'a Iya, ni Musulmi ne, maƙwabcinku ne na gida mai jar ƙofa, na zo ne ko akwai abin ɗauka. Ta ce akwai, har ya yi yawa. Da muna jera kwalaye aka zo kan taron Nuwamba, na gaya mata cewa kakannin wasunmu sun yi yaƙin Bama cikin rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma. Ta ajiye gwangwanin da ke hannunta ta ce mahaifinta ma a can ya yi, kuma ba ta taɓa jin wannan ba sai yau.

Bikin Kaka na bana an sa ni cikin masu kwashe kaya bayan an tashi daga sujada, da misalin ƙarfe goma sha biyu. Ta ce har yanzu suna neman mutum biyu masu ƙarfi, da wanda ya iya tuƙa ƙaramar motar ɗaukar kaya. Ɗan'uwan da na raka ranar Alhamis ya riga ya ba da sunansa.