Shin Kyautar Kamfani Tana Wanke Dattin Rashawa?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, ya zama al'adar manyan kamfanonin duniya su gina makaranta ko su haƙa rijiya a ƙasar da suke ciniki, su ce haƙƙin jama'a ne suke saukewa. Wannan abu ne mai kyau. Amma tambayar da ta kamaci mai hankali ita ce: idan kamfani ya sami kwangila ta hanyar toshiyar baki, shin irin wannan kyauta za ta wanke shi?

Ga misali daga gida. Tsakanin 1995 da 2004 wasu kamfanoni huɗu, wato KBR na Amurka, da Technip na Faransa, da Snamprogetti na Italiya, da JGC na Japan, suka haɗa kai don neman aikin gina ma'aikatar iskar gas a tsibirin Bonny, aikin da ya haura dala miliyan dubu 6. Bincike ya nuna sun fitar da kimanin dala miliyan 182 ta hannun 'yan tsakani, cikinsu har da wani lauya na Ingila, domin a toshe bakin wasu jami'an Nijeriya. A 2009 KBR da tsohon uwar kamfaninsa Halliburton suka yarda su biya hukumomin Amurka dala miliyan 579, ƙarƙashin dokar 1977 wadda ta hana ba jami'an ƙasashen waje hanci.

Hujjar da masu irin wannan aiki kan kawo ita ce, haka ake ciniki a can, wanda bai bayar ba zai tashi hannu rabbana. Lalle malamai da dama sun yi sassauci ga wanda aka zalunta, ya rasa yadda zai karɓi haƙƙinsa sai da bayarwa. To amma kwangila ba haƙƙin kowa ba ce kafin a yanke ta. Wanda ya saye ta ya danne abokin takararsa ne, ya kuma lalata amintaccen da aka ɗora a kan dukiyar jama'a. Saboda haka ne hadisi ya haɗa mai bayarwa da mai karɓa cikin la'ana, wata ruwaya kuma ta ƙara da ɗan tsakani.

Sa'an nan a duba aljihun da kuɗin ke fitowa. Ɗan kasuwa ba ya yin asara da gangan. Abin da ya bayar a ɓoye yakan cusa shi cikin farashin aiki, baitulmali ya biya, talaka ya rasa magani a asibiti. Ashe ke nan rijiyar da aka haƙa masa daga baya, da kuɗinsa aka haƙa ta, kuma aka nemi ya yi godiya.

Shari'a ta jera al'amarin daki-daki. Allah ba Ya karɓar sadaka sai daga halal, kuma tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar wa mai abu abinsa. Tarar da ta shiga baitulmalin Amurka horo ce, ba ramuwa ba ce ga mutanen da aka cuta. Don haka farkon haƙƙin jama'a a kan kamfani shi ne ya nemi aiki da gaskiya, ya faɗi farashi na gaskiya, ya cika alkawari. Kyauta tana zuwa ne bayan wannan, kamar yadda nafila ke zuwa bayan farilla.

Allah Ya tsare masu riƙon amana daga kwaɗayi, amin.