Ko Ƙauna Kaɗai Ta Isa a Gidan Tsofaffi?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai gidaje inda a ke ajiye tsofaffi waɗanda ƙarfinsu ya ƙare. A can a ke ciyad da su, a yi masu wanka, a ba su magani dare da rana. Gwamnati ta kafa wa gidajen nan ƙa'idodi masu yawa, a kan masu-jinya, da irin ƙofofi, da ajiyar magani, da abin da za a yi idan gobara ta tashi. Tana kuma aika masu-dubawa su bincika. A Ingila, tun shekara ta 2009, wata hukuma da a ke kira CQC ita ke wannan aiki. Takan yi tambaya biyar a kan kowane gida: ko tsofaffin suna zaune lafiya ba hatsari, ko jinyar tana da amfani, ko da tausayi a ke yinta, ko ana biyan bukatar kowa yadda ta ke, ko shugabannin gidan suna riƙonsa da kyau.

Watakila wani mai-bi zai ce, "Ina amfanin wannan duka? Wanda ya ke ƙaunar tsoho ba ya bukatar takarda ta gaya masa abin da zai yi. Wanda ba ya ƙaunarsa kuwa, takarda ba za ta sāke masa zuciya ba." Maganar tana da daɗin ji, akwai kuma gaskiya a cikinta. Amma bari mu auna ta da abin da ya faru.

Gobarar Rosepark

Ran 31 ga Janairu, 2004, da asuba, wuta ta tashi a gidan tsofaffi na Rosepark, kusa da birnin Gilasgo a ƙasar Sikotlan. Daga wayar lantarki ta soma, cikin wani kabad na ajiye kaya. Wutar ba ta daɗe ba, ba ta kuwa cinye gidan ba. Hayaƙi ne ya yi ɓarna. Tsofaffi 14 suka mutu.

Alƙali ya bi diddigin al'amarin, ya ba da hukuncinsa a shekara ta 2011. Bai iske mugunta wurin masu-tsaron dare ba. Abin da ya iske shi ne ba a koya masu abin da za su yi ba. Allon ƙararrawar gobara sabo ne, ba su san karatunsa ba, sai suka nufi wani sashe dabam. Al'adar gidan kuma ita ce a nemi wutar tukuna kafin a kira 'yan kwana-kwana, har minti 9 suka wuce ba a kira su ba. Ga kuma abin da ya fi ban tausayi. Tsofaffi da yawa ba su son a rufe masu ƙofa da dare, saboda haka aka bar ƙofofinsu a buɗe, har aka cire ƙarfen da ke rufe waɗansu da kansu. Ta waɗannan ƙofofi ne hayaƙi ya shiga.

Ku duba fa, 'yan'uwa. Barin ƙofar a buɗe alheri ne. Wa zai rufe tsohuwa mai jin tsoro ita kaɗai cikin duhu? Duk da haka alherin nan ne ya buɗe wa mutuwa hanya. Alƙalin ya nuna cewa akwai wani irin ƙarfe da zai riƙe ƙofa a buɗe, da jin ƙararrawa kuwa ya sake ta ta rufe. Ashe da tsohuwar ta sami abin da ranta ya ke so, ta kuma tsira, in da wani ya zauna tun da wuri ya yi tunani, ya kashe kuɗin. Daga shekara ta 2005 Sikotlan ta sa doka, kowane sabon gidan tsofaffi sai an sa masa bututun da ke yayyafa ruwa da kansu idan zafin wuta ya taɓa su. Da rayukan mutum 14 aka sayi wannan doka.

Abin da Littafi Mai-Tsarki ya koya

Irin wannan ƙa'ida ba Turawa suka fara ta ba. A Kubawar Shari'a sura 22 Allah ya umurci mai gina sabon gida ya yi wa rufinsa rawani kewaye, domin kada wani ya fāɗo, alhakin jininsa ya koma kan gidan. Mu da mu ke shanya hatsi a bisa soro mun san amfanin rawanin nan. Ba a tambayi maigidan ko yana ƙaunar baƙonsa ba. An ce masa ya yi gini. Gama ƙauna takan gaji, takan yi barci, takan manta. Rawanin kuwa yana nan tsaye ko maigida ya yi tafiya.

Haka kuma a Ayyukan Manzanni sura 6. Ekklesiyar Urushalima cike ta ke da ƙauna, har mutane suna sayar da gonakinsu su kawo kuɗin. Amma a cikin ekklesiyar nan aka riƙa tsallake gwauraye mata na Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kowace rana. Da gunaguni ya tashi, manzanni ba su yi fushi su ce ana zarginsu da rashin ƙauna ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai, Istifanus yana cikinsu, aka danƙa masu aikin. Daga baya Bulus ya rubuta wa Timothawus yadda za a rubuta sunayen gwaurayen da ekklesiya za ta riƙe, har ya faɗi shekarunsu, kada su kāsa 60. Manzannin Ubangiji ba su ga tsari da lissafi abin kunya ne ga ƙauna ba.

Dalilin ke nan. Saurayi in an cuce shi zai yi ƙara, ko ya tashi ya bar wurin. Tsohon da ba ya iya juyawa a gado, ko wanda tsufa ya ruɗe masa hankali, ba shi da baki, ba shi da ƙafa. In ba a juya shi ba, gyambon kwanciya zai ci bayansa shiru. In an ba shi maganin wani, ba zai sani ba. Ƙa'ida ita ce bakin da a ke ara wa wanda ba ya iya magana. Mai-jinya wanda ya ƙi a duba aikinsa domin wai shi mutumin kirki ne, sunansa ya ke karewa, ba tsohon ba.

Ƙa'ida kuma tana iya zama mugunta

Kada mu ce da an sami ƙa'ida magana ta ƙare. A Amurka, wajen shekarun 1980, kimanin tsofaffi 4 cikin kowane 10 na gidajen jinya ana ɗaure su a gado ko a kujera da ɗamara, wai domin kada su fāɗi. Da sunan tsaro aka yi wannan. Amma wanda aka ɗaure, ƙafafunsa sukan shanye, jikinsa ya yi gyambo, zuciyarsa ta karai, waɗansu ma ɗamarar ce ta shaƙe su. A shekara ta 1987 majalisar ƙasar ta yi doka, ta hana ɗaure tsoho domin horo ko domin sauƙin ma'aikata. Ɗaurin ya ragu ƙwarai, aka kuwa iske munanan raunuka ba su ƙaru yadda aka ji tsoro ba.

Ubangijinmu ya gaya wa Bitrus cewa a tsufansa wani ne zai ɗaure shi, ya kai shi wurin da ba ya so. A kan irin mutuwar Bitrus a ke magana, amma kowane tsoho ya san ɗacin wannan. Shi ba tukunya ba ne da za a ajiye a lungu don kada ta fashe. Cikin surar Allah aka halicce shi, furfura kuwa ba ta shafe surar ba. Ƙa'ida mai kyau tana tsare ransa da mutuncinsa tare. Wadda ta ke tsare gidan daga zargi kaɗai, ta masu gidan ce.

Akwai kuma takarda mai ƙarya. A kudancin Ingila akwai wani gida da a ke kira Orchid View. A shekara ta 2010 masu-dubawa suka ce gidan yana da kyau. A 2011 aka rufe shi. A 2013 alƙalin binciken mutuwa ta iske sakaci yana da hannu cikin mutuwar tsofaffi biyar a can. Wata ma'aikaciyar ofis ce ta tona asirin. An sa ta lalata takardun da suka nuna an ba wata tsohuwa magani ba daidai ba, daga baya ta kai magana wurin 'yan sanda. Mai-dubawa yakan zo yini ɗaya ya tafi. Sauran kwanaki, sai lamirin wanda ya ke tsaye bakin gado da tsakar dare, inda ba mai ganinsa sai Allah.

Ina ruwanmu?

Daga shekara ta 2022 dubban 'yan Nijeriya suka tafi Birtaniya aikin jinyar tsofaffi, 'ya'yan ekklesiyoyinmu suna cikinsu. Ya ɗan'uwa, in wannan ya iske ka a can, kada ka sa hannu cewa ka juya tsoho alhali ba ka juya shi ba. In ka ga ana cuta, ka faɗa, ko da zai taɓa abincinka.

Mu da ke gida kuwa, yawancin tsofaffinmu suna tare da mu, abin godiya ne. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Da hunturu, wa ke duba kaskon gawayin da a ke sa wa kaka a ɗaki rufe? Iskarsa ba ta da wari, tana kuwa kashe mai barci. Wa ke kulle tsoho ta waje ya tafi gona da mabuɗi a aljihu? Wa ya san lokacin maganinsa ran da mai ba shi ta tafi biki? Dattawan ekklesiya da Zumuntar Mata su rubuta sunayen tsofaffin da ke cikinsu, a sa wa kowane ɗaya mai ziyara da ranar ziyara, a kuma riƙa tambaya a taro ko an je. Ekklesiyar da ta ke shirin buɗe gidan tsofaffi, ta lissafta kuɗin masu-tsaron dare da na kayan kashe gobara tun kafin ta sayi kwanon rufi, ta kuma yi wa mai-dubawa maraba kamar ɗan'uwa.

Ko ƙauna kaɗai ta isa? Ƙauna ta gaskiya ta san rauninta, saboda haka takan gina rawani tun ba wanda ya fāɗo, ta kuma yarda a zo a duba ginin. Bari mu yi addu'a cikin watan nan domin tsofaffin da ba su iya kiran kowa, da masu yi masu jinya da dare. Ubangiji ya ba mu aminci cikin ƙananan abubuwa, gama in ya ja kwananmu, mu ma za mu kwanta a hannun wani.