DARASI: JEMAGE, ZOMO DA REMA CIKIN SHARI'AR MUSA

Karatu: Littafin Firistoci 11:1-23, Ayyukan Manzanni 10:9-35.

Ya 'yan'uwa, yara da yawa su kan komo daga makaranta da wata tambaya da ke damun iyayensu. Malami ya koya musu jemage ba tsuntsu ba ne, amma ga shi Musa ya lissafa shi tare da tsuntsaye. Ashe Littafi ya yi kuskure ke nan? Kada mu tsauta wa yaro saboda tambayar, gama wanda aka hana shi amsa a gida zai neme ta a wani wuri. Bari mu bincika tare.

1. Yadda masana su ke rarrabewa. A shekara ta 1758 wani masani mutumin Suwidin, Linnaeus, ya tara dukan dabbobin da ke shayar da 'ya'yansu cikin kashi ɗaya. Alamarsu nono ne da gashi. Tsuntsu kuwa alamarsa gashin fiffike, da baki marar haƙori, da ƙwai. Ba tashi sama ke sa a ce tsuntsu ba, gama jimina ba ta tashi, duk da haka tsuntsuwa ce. Jemage yana haihuwa, yana shayarwa, fiffikensa kuma fata ce da ta miƙe a tsakanin dogayen yatsu. Irinsa ya fi 1,400. Haka kuma ayu na kogin Binuwai, ko da shi ke cikin ruwa ya ke zaune, ba kifi ba ne. Malamin yaron ya faɗi gaskiya.

2. Yadda Musa ya rarrabe. Kalmar Ibrananci da aka juya "tsuntsaye" ma'anarta abin da ke tashi da fiffike, har a aya ta 20 an yi amfani da ita ga ƙwari. Jemage kuwa yana tashi. A kasuwa a kan jera wake kusa da dawa, ko da shi ke wake ɗan'uwan gyaɗa ne, ba mai cewa ɗan kasuwa ya yi ƙarya. Masani yana duban ginin jiki. Musa yana koya wa makiyaya abin da za su ci da wanda za su bari, da alamun da ido ke gani.

Haka zancen tuƙa. Saniya tana da tumbi mai ɗaki 4, tana komo da ciyawa baki ta sake taunawa. Zomo da rema ba su da irin wannan tumbi, amma muƙamuƙinsu yana motsi kamar na mai tuƙa. Zomo kuma ya kan sake haɗiye wani kashi mai laushi da ya fitar, abincin ya bi cikinsa sau biyu.

3. Abin da Allah ke nufi. Aya ta 44 ta nuna dalili: Isra'ila su zama keɓaɓɓu domin Allahnsu mai tsarki ne. Sa'anda Bitrus ya ga wahayi a Yafa, an sauko masa da dabbobi da tsuntsaye iri iri, aka hana shi kiran abin da Allah ya tsarkake ƙazamtacce. Ya gane maganar a kan mutane ce, ya tafi gidan Karniliyus, Barome. Mu fa? Idan muna cin kowane irin nama, amma muna ƙyamar zama a kan tabarma ɗaya da mutumin wata kabila, ba mu fahimci wahayin ba tukuna.

Tambayoyi
1. Da waɗanne alamu za ka nuna wa yaro jemage mai shayarwa ne?
2. Don me Musa ya sa shi cikin masu tashi?
3. Wane gida ne a unguwarku ba ku taɓa shiga ba, don me kuwa?

Addu'a: Ya Ubangiji Mahalicci, ka ba mu hikima mu amsa wa 'ya'yanmu da gaskiya, ka cire mana ƙyamar maƙwabta. Amin.