Alkawarin Suratun Nur: Ya Cika Ko Yana Tafe?

A Mashi, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, mai tafsirin azumi yakan iso aya ta 55 ta Suratun Nur, inda Allah Maɗaukaki Ya yi wa masu imani da aikin ƙwarai alkawarin halifanci a bayan ƙasa, da kafuwar addininsu, da musanya musu tsoro da aminci. Tun da aƙidar Shi'a ta sami mabiya a Zariya da Katsina bayan juyin Iran na 1979, ayar ta zama abin jayayya a zauruka.

Malaman Sunna suna ganin alkawarin ya riga ya cika. Ibnu Kasir ya lissafa buɗe Makka da Haibara da Yaman a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sannan Sham da Masar da Farisa a hannun halifofi. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ayar ta yi magana ne da mutanen da ke raye ran da ta sauka, waɗanda suka sha kwana cikin fargaba a Madina.

Malaman Shi'a kuwa, irin su Ɗabarsi mai Majma'ul Bayan, sun ruwaito daga Ahlul Baiti cewa Mahadi ake nufi, wato limaminsu na goma sha biyu, wanda suka ce ya faku tun shekarar 260 ta Hijira. Sukan ce, ina amincin yake, alhali Umar da Usman da Aliyu duk kashe su aka yi?

Wannan tambaya ba ta raini ba ce. Sai dai Jalalaini, wanda shi ne littafin da ke gaban masu tafsirinmu, ya riga ya taɓo ta: aminci ya samu, masu kisan Usman suka butulce masa, 'yan'uwa suka koma yaƙar juna. Ke nan ni'ima ce mai sharaɗi, tana zuwa, tana kuma gushewa. Abin da ke da wuyar karɓa a fassarar Shi'a shi ne a ce an lallashi mai jin tsoro da amincin da ba zai gani ba, ko jikokinsa.

Ahlus Sunna ma suna sauraron Mahadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya gaskata zuwansa, ya kuma fito fili ya ce shi ba shi ba ne. Duk da haka bai zauna jira ba; ya yi hijira zuwa Gudu a 1804.