Masu Ingiza Mai Kantu Ruwa

Saura kwana uku shekara ta ƙare. Sanyin Disamba ya sauko daga duwatsun Abzin, muna zaune a fadarmu ta Dagmanet, kowa ya ja rawani ya rufe kunne, hannuwa a kan gawayin shayi. Wani ya kunna waƙa a waya, hira ta faɗa kan kiɗa. Babbanmu, wanda ya tsufa a kan hanyar Agadas zuwa Arlit yana tuƙi, ya ce shi har ya koma ga Allah ba zai ga wasa irin na Janairun 2010 ba, lokacin da mai jita Bombino ya dawo daga gudun hijira a Burkina Faso ya kafa kayan kiɗansa a gindin hasumiyar babban masallaci, da yardar Sarkin Abzin, don murnar tawaye ya ƙare an ajiye bindiga. Wani ya ce shi a bar shi da bikin aure, inda 'yan Etran de l'Aïr ke baza lasifika a kan tabarma cikin lungu, janareto na tari, ƙura na tashi, mata na rangaɗa guɗa. Wani ya kawo Mdou Moctar, mai buga jita da hannun hagu. Musu ne mai daɗi, irin wanda ba a son a gama.

Sai wani abokinmu da ya dawo daga haƙar zinariya a Tchibarakaten, aljihu da ɗan nauyi, ya karkatar da zancen. "Ku bar tuna baya. Daren 31 fa? Ni na riga na kama tebur. Kiɗa ai ba ya shiga jiki sai an jiƙa maƙoshi." Ya juya ga ƙaramin cikinmu, mai dafa mana shayi. "Kai ƙane, bana ma a ɗaka za ka kwana kamar amarya? Gemu ya fito, ba ka taɓa ɗanɗanawa ba. Ni zan biya. Sau ɗaya ne fa a shekara." Aka kwashe da dariya. Yaron ya sunkuyar da kai yana ta juya shayi daga wannan kofi zuwa wancan. Kumfa ta daɗe da yi, amma bai daina ba.

Hukuncin giya ba ɓoyayye ba ne a garin nan, ɗan makarantar allo ma ya san shi. Abin da ya hana ni barci a daren shi ne maganar da aka jefa wa yaron, da dariyar da ta bi bayanta. Sunan abin zuga.

Agadas garin maƙera ne, don haka kowa ya san inda kalmar ta fito. Ka leƙa maƙera inda ake narka azurfa, za ka tarar da yaro a gefe ya dafa zugazugi na fata, yana dannawa yana ɗagawa. Shi ba ya taɓa wuta, ba ya riƙe awartaki. Iska kawai yake turawa, azurfa ce ke cikin garwashi. Amma a maƙera akwai maigida, idonsa na kan launin wutar, idan ta kai inda ake so sai ya ce, "Ya isa haka." A fada babu mai faɗin wannan. Kowa ya dafa zugazugi, kowa na son ya ga yadda wutar za ta yi ja.

Kada wani ya ce ina ƙin zuga gaba ɗayanta. Da ita gari ke motsi. Ranar Bianu, a farkon watan Muharram, idan 'yan gabas da 'yan yamma suka fito cikin baƙaƙen riguna masu walƙiya, rawani a tsaye kamar tukkun zakara, aka dawo daga Alarsas da ganyen dabino a hannu, me ke sa saurayi ya yini yana rawa a rana ban da ganguna da guɗar mata? Ɗan kokawa ba ya shiga fili sai makaɗi ya tuna masa ubansa. Mai jita kansa, tafin jama'a ke sa yatsunsa su ƙara gudu. Wannan zuga tana fito da abin da mutum ke da shi, ta ɗaga shi. Wadda nake nufi ita ce ta mutumin da ya san rami ne a gaba, ya san abokinsa ba ya so, ya yi ta tura shi da baki har kunya ta kayar da shi.

Hausawa sun ba ta suna da ya dace da ƙasarmu fiye da ko'ina: ingiza mai kantu ruwa. Mutumin Kano zai faɗi karin maganar ba tare da ya taɓa ganin inda kantu ke fitowa ba. Mu mun sani. Ayarin raƙuma kan bar Abzin bayan damina, ya ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma, makonni ana tafiya cikin rairayi, a ɗauko gishirin da aka zuba a ma'auni ya bushe ya zama kantu. Duk wannan wahala, ruwa kaɗan ya isa ya narkar da ita. Wanda ya ce wa mai kantu, "Shiga mana, ai ba zurfi," shi babu komai a kansa. In ya jiƙe ya shanya riga. Yaron da ke dafa mana shayi kantunsa a kansa yake: shekara ashirin da 'yan kai na tarbiyya, amincewar uwarsa, babur ɗin kabu-kabu da wani ya damƙa masa amana.

Kuma maganar cewa kiɗa ba ya shiga jiki sai da maye, ban san garin da za a faɗe ta a yarda ba, amma ba Agadas ba. Jitar nan da duniya ke rububi a kanta, a bakin butar shayi ta girma. Samarin Abzinawa da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya su suka ƙirƙiro salon, daga cikinsu Tinariwen suka fito, a nan Nijar kuma marigayi Abdallah Oumbadougou ya zama uba ga masu bugawa. A shekarun tawaye na 1990 kaset ake miƙawa hannu da hannu a ɓoye. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Etran de l'Aïr tun 1995 suke bin gidajen biki a unguwannin talakawa, kafin wani Bature ya san da su. Kafin jita ma akwai tende, turmi ne aka ɗaure wa fata, mata na bugawa suna waƙa, raƙuma na zagaye su, kamar yadda ake gani a Ingal duk watan Satumba. Dubban mutane sun yi rawa har asuba a wuraren nan, babu abin da ya wuce maƙoshinsu sai shayi kofi uku da ruwan salka. Ba zan rantse a kan kowane makaɗi ba, su ma 'yan Adam ne. Amma haɗa jita da kwalba a matsayin Ɗanjuma da Ɗanjummai, a bidiyon wasannin Turai da Amurka samarinmu suka gan shi, inda ake sayar da giya a bayan zaure. Su can al'adar zaurensu ce, ko wa ya hau dandamali haka za su yi.

To me mai zuga ke nema? Na daɗe ina lura da su. Da wuya ka ga mugu na gaske a cikinsu. Galibi mutum ne da zuciyarsa ba ta kwanta da abin da yake yi ba, kuma zaman wanda ba ya sha a kusa da shi ya zame masa madubi. In kowa ya sha, babu mai kallon wani. Shi ya sa yake saurin cewa shi zai biya, mutumin da in ka roƙe shi jaka guda ta magani sai ya ce ka dawo gobe. Shi ya sa kuma kalmominsa ba sa canzawa: ustaz, ɗan mama, kai ba namiji ba ne, sau ɗaya ne. Bai taɓa yabon abin da ke cikin kwalbar ba, don ya san ɗaci ne da wari. Mazantakar yaron yake taɓawa, wurin da ya san yana da ciwo.

Akwai wani labari a Bukhari da Muslim da ya kamata a riƙa karanta wa 'yan fada. A Madina ne, bayan yaƙin Badar, tun kafin a saukar da haramcin giya. Sayyidina Ali yana shirin tarewa da Nana Faɗima, yana da taguwa biyu, ya yi niyyar ya ɗauko ciyawar izkhir a kansu ya sayar wa maƙeran zinariya, ya samu abin walima. Ya durƙusar da su a gefen gidan wani mutumin Madina ya tafi haɗo kaya. A cikin gidan ana zaman sha, Sayyidina Hamza na ciki, akwai kuma zabiya tana waƙa. Sai ta saka taguwoyin nan a cikin waƙarta, tana kiran Hamza ya tashi gare su. Ya zari takobi ya yanke tozayensu, ya farke cikinsu. Ali ya dawo ya ga abin da ya gani, hawaye suka zubo masa. Babu laifi a kan Hamza, Allah Ya ƙara masa yarda, domin a lokacin ba a hana ba. Amma dubi yadda abin ya haɗu: jarumi mai daraja, abin sha, da murya mai daɗi tana turawa. Taguwoyin suna durƙushe a wurin tun ɗazu, babu wanda ya taɓa su sai da aka yi zuga. Da haramci ya zo kuwa, hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya lissafa mutum goma da la'anar giya ke hawa kansu, mai sha ɗaya ne kawai daga ciki. Mai zubawa na nan, mai ɗaukowa na nan, mai saya wa wani na nan. Wanda ke cewa "ni zan biya" ya duba ya ga layin da yake.

Ina faɗin wannan ne da kunya, don ni ma na taɓa dafa zugazugin. Shekaru da suka wuce, daren Sallar layya, bayan an tashi daga wani wasa, muka bi wasu abokai wani wuri. Ni lemo nake sha, ina jin kaina tsarkakakke. Aka tasa wani yaro gaba, ɗan unguwarmu, yana cewa a'a yana murmushi. Da ya kai kwalbar baki, ni ne na ce, "Ashe dai namiji ne!" Aka tafa. Ban zuba masa ba, ban biya ba, kalma huɗu kawai na faɗa. Wajen ƙarfe biyu na dare ya hau babur. Bai kai gida ba. Ya yi wata biyu a asibiti, har yau yana jan ƙafar dama. Wanda ya biya kuɗin kwalbar sau ɗaya ya je duba shi. Uwarsa kuwa ta yi ta gode mini don ina kai musu abinci, ni kuma na kasa haɗa ido da ita. Idan muka gamu da shi a kasuwa yakan ce, "Yaya, ina kwana," cikin ladabi, kuma wannan gaisuwar ta fi mini zagi zafi.

Yanzu abin ya ma wuce kwalba. Akwai tramol, ƙwayar da likita ke bayarwa don ciwo mai tsanani, wadda ba a yarda a wuce miligiram 400 a yini ba ko ga majinyaci, amma ta bayan fage ƙwaya ɗaya takan kai 225. A jefa a shayi ko a kofi, a miƙa wa yaro a ce zai yi rawa bai gaji ba. Idan ta haɗu da giya tana danne numfashi, tana kuma jawo farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba. Ita ba ta da wari, uwa ba za ta shinshino ta a riga ba, don haka mai zuga ya fi sakewa da ita.

Wani wanda ke biyan bashin da bai ci ba shi ne makaɗin. Yara uku su yi tatil su zo gidan biki, faɗa ya kaure, a fasa lasifika, gobe a ce jita ce ta kawo iskanci. Maigida ya rantse ba za a sake kiɗa a auren 'ya'yansa ba, malam ya hau mumbari ya yi kuɗin goro. Mutanen da da bikin aure suke ciyar da iyali, su ne za su rasa aiki. A tawayen 2007 an hana jita a yankin nan, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗan Bombino, kiɗan bai mutu ba. Abin takaici ne a ce abin da ya tsallake wannan, 'yan kwalba ne za su sa a kore shi daga unguwa.

A daren nan na Dagmanet, da dariya ta lafa, babbanmu ne ya yi magana, bai ko ɗaga murya ba. "Kai, rabu da yaron nan. Ya ce maka yana jin ƙishi ne?" Ya juya ga yaron: "Ƙane, zuba mana na uku, ka ƙara sukari." Shi ke nan. Mai zinariya ya yi 'yar dariyar borin kunya ya ce wasa yake. Yaron ya ɗago kai a karo na farko. Na lissafa, mu bakwai ne a zaune, biyar cikinmu ba ma sha, amma da babba bai buɗe baki ba da dukanmu mun tashi a matsayin 'yan amshi.

Kai da kake karanta wannan, daren 31 na tafe, bayansa akwai Sallah, akwai Bianu, akwai bukukuwan aure. Je ka kalli wasa, ka yi rawa har ƙafarka ta gaji, ka yi wa mai jita liƙi daidai ƙarfinka. Amma in ka ji an tasa wani gaba a teburinku, kada ka yi dariya. Ka ce a rabu da shi. In kuma an riga an ba shi ya sha, karɓe makullin babur ɗin ka kai shi gida da kanka.