Na Gaba da Na Baya: Tunani a Kan Keke Mai Sirdi Biyu

Duk wanda ya shiga harabar gidan adana kayan tarihi na Jos zai tarar da wasu tsofaffin kawunan jirgin ƙasa a girke, tsatsa na cin su a hankali. Ragowar ƙaramin dogon nan ne da Turawa suka fara shimfiɗawa daga Zariya a 1911, ya ratsa Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre, ya hau dutse ya shiga Jos, ya tuƙe a Bukuru a 1914. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, kuma ba don jin daɗin matafiya aka yi shi ba, don kwasar kuza aka yi shi, wadda kafin zuwansa 'yan dako ke ɗauka a ka har Loko a bakin Binuwai. Da babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara ja da baya, aka rufe shi a 1957.

A wasu ƙasashe ba a barin irin wannan gadon dogo ga ciyawa. A Amurka wata dokar 1983 ta ba da damar a riƙe hanyar jirgin da aka daina amfani da ita a mai da ita turbar masu keke da masu tafiya a ƙasa. Ta jihar Misuri kaɗai, wadda ake kira Katy, ta kai kimanin mil 240. Haka aka yi a Ingila tsakanin Biristol da Bat. Dalilin dacewar a fili yake: jirgi ba ya son tudu mai tsanani, saboda haka hanyarsa a kwance take, kuma tana bi ta ƙauyuka da ƙananan garuruwan da kwalta ta kauce musu. A kan irin waɗannan turbobi ake yawan ganin keke mai sirdi biyu, wanda mutum biyu ke tuƙawa tare. Shi ne ya ja hankalinmu, domin a gininsa akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu nazarin ɗabi'a.

Mu a nan goyo muka sani. Wanda aka goya a kariya kaya ne. Nauyinsa kawai yake bayarwa, in an faɗi ba mai tambayarsa. Keke mai sirdi biyu ba haka yake ba. Kan keken da birki suna hannun na gaba, shi ke ganin hanya. Na baya ba ya ganin komai a gabansa sai gadon bayan abokinsa, amma yana da nasa feda, kuma sarƙa ɗaya ta haɗa fedojin biyu, ta yadda ƙafar wannan ba ta juyawa sai da ta wancan. Sunan da Turawa suka ba na baya ma abin lura ne, don kuwa shi ne sunan mai zuba kwal a wutar jirgi: mai ba da ƙarfi, wanda ba shi da ta cewa a kan inda aka dosa. A gasar nakasassu ta duniya makafi kan hau wannan sirdi na baya, mai gani yana gaba.

To, ga tambayar. A ce su biyun sun gangaro da gudu cikin kasuwar wani ƙauye suka take tallar wata yarinya. Laifin wa?

Amsar da ke saurin zuwa baki ita ce na gaba, tun da shi ke da ido da birki. Mun yarda da rabin wannan. Amma gudun da ya hana birki kamawa ba na mutum ɗaya ba ne. Rabinsa daga cinyoyin na baya ya fito. In ya ce bai gani ba, gaskiya ya faɗa. In ya ce ba ruwansa, nan ne muka rabu da shi, domin ya ji hayaniyar kasuwa da kunnensa, ya ji ana gangara, kuma yana da ikon ya danne feda ko ya buɗe baki ya ce a sassauta. Rashin gani yana rage alhaki, bai kankare shi. Hausawa da suka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, da na baya suke, ko da yake a ganinmu sun yi wa sarkin sassaucin da bai cancanta ba.

Sai dai kafin a ɗora wa na baya wannan nauyi, dole a tambaya ko yaya aka yi ya hau. Masu irin wannan keke suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: na gaba ba ya yin shiru. Zai ce ga rami, zai ce za mu karya kwana, zai ce ɗaga ƙafa. Kuma in na baya ya ce a tsaya, an tsaya ke nan, ba gardama. Waɗannan abubuwa biyu, wato a sanar da kai, kuma a tsaya in ka ce a tsaya, su ne a fahimtarmu suka raba amana da tilas. Inda babu su, mutum ba abokin tuƙi ba ne, inji ne kawai da aka ɗaura a baya.

Tarihin wannan dutse namu ya san irin wannan injin. A 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya da kuzarta, gwamnatin mulkin mallaka ta shiga kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna, har zuwa 1944. Da yawa sun zo daga ƙasa mai zafi ba bargo ba isasshen abinci, sanyin Jos da cuta suka kashe wasu, wasu suka gudu cikin dare. Ba wanda ya gaya musu inda aka dosa, ba wanda ya tsaya da suka ce a tsaya. Waɗannan ba mu ga alhakin komai a kansu ba. Gudun da suka yi ma shi ne kaɗai birkin da ke hannunsu.

Masu wuyar sha'anin su ne na tsakiya: hakimi da dagaci da mai unguwa, waɗanda ta hannunsu aka bi gida gida ana cika adadi. In an tambaye su za su ce su ma a baya suke, kan keken yana hannun Bature. Ba ƙarya suka yi ba. Amma sun san sunan kowane yaro da aka ɗauka, sun san wa ke da tsohuwar uwa, sun kuma san ɗan wa aka tsallake. Mutum yana iya zama na baya ga wani, alhali shi ne na gaba ga wasu ɗari. Mu da ke koyarwa bai kamata mu yi saurin nuna su da yatsa ba. Sau nawa muka aiwatar da umurnin da muka san zai cuci ɗalibi, muka fake da cewa daga sama ya zo? Ɗalibin kuwa gadon bayanmu kawai yake gani, yana ta taka feda shekara huɗu bisa zaton mun san hanya.

Akwai mai cewa in kowane na baya zai riƙa danne feda duk lokacin da zuciyarsa ta raya masa, ba tafiyar da za ta yiwu. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma ba mu da amsar da za ta rushe shi gaba ɗaya. Keken yana bukatar na baya ya saki jiki, ya bi kwanar da bai gani ba, sau dubu a yini. Abin da muke iya cewa kawai shi ne wannan sakin jiki bashi ne na gaba yake ci, kuma da magana yake biyansa, rami bayan rami. Ranar da ya daina biya, na baya bai karya alkawari ba in ya tsaya.

Mukan yi tunanin a ce an share tsohon gadon dogon nan, mutum biyu su taso daga Naraguta su nufi Jengre. A Jos ɗin da ta ga 2001 da 2008 da 2010, inda har unguwanni suka rabu, zaɓen wanda za ka ba kan keke ba ƙaramin abu ba ne, musamman da yake tafiyar daga nan gangara ce mai tsawo. A gangara ƙarfin na baya ba shi da amfani. Ba abin da ya rage masa sai muryarsa, da sanin da ya yi wa mutumin da ke riƙe da birki.